Tambaya: wai ma'adinan ƙasan teku za su karya mana kasuwar dalma?

Mai Sikeli, Bukur

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman wanda ya san abin nan ya fitar da ni daga duhu, don maganar ta shafi jarina.

Ni sayen kuza da kwalambayit nake yi a Bukur, sana'ar da na gada ke nan. To bana wani abokin harka ya matsa mini mu haɗa kuɗi mu fara ɗauko dutsen dalma da zink daga wajen Wase, mu tara mu sayar wa masu kaiwa Legas. Lissafin ya yi mini, har na sa wani filina a kasuwa. Sai ɗan yayata da ke jami'a ya zo ya nuna mini wani bidiyo a waya. Ƙasan teku ne, duhu ƙirin in ban da fitilar jirgi, ga wani dogon bututun dutse yana ta tuttuɗo da baƙin hayaƙi a cikin ruwa. Ya ce Kawu, hayaƙin nan da kake gani tagulla ce da zink da dalma da zinari, a zube suke can tsibi-tsibi, ba sai an yi loto, wato haƙa ramin neman ma'adini, ba, kuma Turawa da 'yan Sin sun kusa fara kwasa. Wai ran da suka fara, namu na tudu ya zama tsakuwa. Har cewa ya yi kuzar Jos ma haka ta samu, wai da can nan duk teku ce.

Na yi masa dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a gidan 'yan kuza ya san abin da faɗuwar farashin kuza ta 1985 ta yi. Ina yaro lokacin, amma ban manta yadda buhuna suka yi ta zama a ɗakin mahaifinmu babu mai tayawa ba, alhali rikicin a Landan aka yi shi, mu ko labari ba mu da shi.

Shin abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya aka yi wuta take ci a cikin ruwa? Dutsen can ɗaya ne da na Wase? In sayar da filin ko in bari?

Ɗan Gangare

Alhaji, wuta a cikin ruwa? Ai wannan aikin kwamfuta ne. Jiya ma na ga bidiyon akuya tana tuƙa keke Napep. Ka ce wa yaron ya mai da hankali kan karatunsa.

Baba Mai Guduma, Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam. Ɗan Gangare, wannan karon ba ka canka ba. An ɗauki hoton abin nan tun ba a haife ka ba, balle wayar da ka ga akuyar.

Alhaji Mai Sikeli, ni ilimin duwatsu na karanta, kuma aikin safiyon ma'adinai na yi har na yi ritaya. Bari in fara da abin da ya fi damunka: in za ka fasa harkar Wase, ka fasa saboda hanya, ko tsaro, ko takardun izini, ko halin abokin harkar taka. Amma ba saboda teku ba. Yanzu ka gyara zama, don tsoho ba ya iya gajeren bayani.

Abin da ke fita daga bututun nan ba hayaƙi ba ne, kuma babu wutar da ke ci. Ruwa ne. A tsakiyar manyan tekuna akwai jerin tsaunuka da ya zagaye duniya, tsawonsa wajen kilomita 65,000, kusan duka a nutse. A nan ne ɓawon ƙasa yake tsagewa yana rabuwa a hankali, a tekun Atlantika santimita 2 zuwa 5 a shekara, narkakken dutse kuma yana tasowa yana cike gurbin. Ruwan teku mai sanyi yana sulalewa ta tsagogin ya yi ƙasa, kilomita ɗaya, biyu, har ya kusanci wannan narkakken dutse. A can yake canja hali. Ya yi zafi, iskar oksijin ɗinsa ta ƙare, ya yi tsami, ga shi dama da gishirinsa. Ruwan zafi mai tsami mai gishiri kuwa lasar ƙarfe yake daga jikin dutse: baƙin ƙarfe, tagulla, zink, ɗan zinari, 'yar azurfa, ya haɗo da farar wuta. Da zafin ya kai, nauyinsa ya ragu, sai ya yunƙuro sama da ƙarfi ya fito yana digiri 350, wani wurin har 400. Ruwan da ya tarar a waje bai wuce digiri 2 ba. Nan take ƙarafan da ya narkar su kama farar wutar su zama gari, baƙi wuluk. Garin nan ne yaronka ya kira hayaƙi. Ƙarfen da ya haɗu da farar wuta kuma shi muke kira salfaid.

Za ka ce ruwa mai digiri 350 me ya hana shi tafasa ya zama tururi? Nauyin da ke kansa. Mu nan Jos, da yake muna kan tudu sama da mita 1,200, ruwanmu yana tafasa tun yana wajen digiri 96, don iskar da ke danne shi ta ragu. To juya lissafin. A cikin teku duk mita 10 da ka nutsa, an ƙara maka nauyi kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A zurfin mita 2,500 ya ninka sau 250. Ruwan ba ya samun sararin tafasa.

A 1977 aka fara ganin irin waɗannan maɓuɓɓugai, kusa da tsibiran Galafagos a tekun Fasifik, da wani ɗan ƙaramin jirgin nutso na Amurka mai suna Alvin, wanda mutum uku kawai yake ɗauka. Waɗancan masu ɗumi ne kawai. Masu baƙin garin sai a 1979 aka ci karo da su, a gefen ƙasar Meziko. Ina ɗalibi lokacin, kuma na tuna yadda wani malaminmu ya shigo aji da mujalla a hannu kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, yana cewa yau an kama ma'adini yana cikin haihuwa. Kafin nan gawarsa kawai muke gani a tudu muna ta hasashe.

Shi bututun, ruwan ne da kansa yake gina shi, kamar yadda gara ke gina suri. Da farko wani farin dutse ne, anhaidirait, ɗan'uwan jifsam ɗin da ake sa wa siminti, yake fita daga ruwan tekun da ya ji zafi, ya yi zobe a bakin ramin. Sabon bututu yana iya ƙaruwa da santimita 30 a yini ɗaya. Sannan salfaid ya bi ya cike ƙofofin bangon. An taɓa tura mu kwas ƙasar waje, a can aka miƙo mana guntun irinsa da aka yanka biyu. Ta ciki, inda ruwan zafin ke bi, ruwan ɗorawa ne yana ƙyalli, wato kalkofairait, dutsen tagulla, don ita tagulla da zafi ya ɗan ragu take zubewa. In ka matso waje sai launin ya koma ƙasa-ƙasa da baƙi, nan ne sifalarait yake, dutsen zink, shi da fairait, wato baƙin ƙarfe da farar wuta. Can bayan bangon kuma tsatsa ce. Abin da ya ba ni mamaki rashin ƙwarinsa, da farce ma kana iya marmasa gefensa. Shi ya sa ba sa daɗewa a tsaye. Akwai wani da aka auna a arewa maso gabashin Fasifik ya kai mita 45, ƙarshe shi ma ya rushe. Rushewar nan ce take tara arzikin: wannan ya faɗi, wani ya tsiro a kansa, ruwan zafi yana ci gaba da ratsa tarkacen ta ƙasa yana dafa shi, shekara dubbai, har ya zama tudu. Kuma duk da haka abin da ke zama a wurin ɗan kaɗan ne. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarfen yana bin baƙin garin nan ya watse a teku.

Maganar ko ɗaya ne da na Wase. Dangin dutse ɗaya ne, amma ba haihuwa ɗaya ba. Abin da ake haƙa a Zurak ta ƙasar Wase galena ne, wato dalma da farar wuta, shi ne tozalin da iyayenmu mata suke niƙawa, sai kuma sifalarait. Duk salfaid ne. Amma shi a jijiya yake zuwa. Wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka take ɓallewa daga Afirka, ƙasa ta fara tsagewa ta kwarin Binuwai, sai tsagar ta tsaya ba ta zama teku sosai ba. Ruwan teku ya shigo ya shimfiɗa laka da yashi masu kauri, daga baya ruwan gishiri mai zafi, wanda bai kai zafin na bututun can ba, ya bi tsagogin duwatsun a ƙarƙashin ƙasa ya bar dalma da zink a ciki. Layin ɗaya ne tun daga Abakaliki da Ishiagu, ya biyo ta Arufu da Akwana, har Zurak. Gishirin Awe da Keana ma a kwarin nan yake, ba banza ba.

Kuza kuwa ba ta cikin wannan dangi sam. Ita da oksijin ta haɗu, ba da farar wuta ba. Daga duwatsun giranait ɗin nan da suka kewaye mu ta fito, waɗanda suka taso a narke suka daskare sama da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ruwan sama da rana suka ci dutsen, rafuka suka kwashe yashin, ita da yake mai nauyi ce kuma ba ta ruɓewa sai ta kwanta a gindin rafi. Shi ya sa 'yan loto suke nutsawa neman tsakuwar tsohon rafin da ƙasa ta binne. Ka gaya wa yaron a nan ya zame. In yana son ganin inda kuza da salfaid suka kwana jijiya ɗaya, ya je Riruwai ta jihar Kano.

Saura kasuwa. Wasu masana sun yi ƙiyasi a 2011 cewa salfaid ɗin da ke kan waɗannan tsagogi masu rai a duk tekunan duniya zai kai tan miliyan 600, tagulla da zink ɗin da ke ciki kuma wajen tan miliyan 30. Adadin yana da daɗin ji. Amma mahaƙan tudu suna fitar da tagulla sama da tan miliyan 20 a shekara ɗaya, zink kuma wajen miliyan 12. Ka ga ko an share duka an kawo, abincin shekara guda ne. Lissafin bai haɗa da tsofaffin da laka ta binne nesa da tsagar ba, amma waɗannan nemo su ma aiki ne ja. Kuma ba wuri ɗaya suke ba, ɗaruruwan ƙananan tsibi ne, tsakanin wannan da wancan tafiyar kilomita goma-goma ko ɗari. Wanda aka fi sani a Atlantika, ana ce masa TAG, yana zurfin mita 3,600, faɗinsa kamar mita 200, an huda shi da injin a 1994 aka ƙiyasta kusan tan miliyan 4. A tudu wannan matsakaicin rami ne ko ƙasa da haka. Dalmar da kake tsoro kuwa ita ce ma ta fi ƙaranci a na tsakiyar teku. Sai a irin na yammacin Fasifik, wajen Okinawa ta Japan da Papuwa Niyu Gini, ake samunta da ɗan yawa tare da zinari da azurfa.

An gwada kwasowa. Wani kamfanin Kanada, Nautilus Minerals, ya samu lasisi a 2011 a kan wani wuri da ake kira Solwara 1, a ruwan Papuwa Niyu Gini, zurfin mita 1,600. Dutsen wurin na kirki ne, tagulla wajen kashi 7 cikin 100, alhali yawancin manyan mahaƙan tudu ba sa kai kashi 1. Aka ƙera musu injuna uku a Ingila masu tafiya a ƙasan teku, babbar ta haura tan 300. Jirgin da zai ɗauke su ana cikin ƙera shi a Sin kuɗi suka yanke. A 2019 kamfanin ya durƙushe bai sayar da ko kwanon sarki ɗaya ba, gwamnatin ƙasar da ta sa hannun jari ta tafka asarar sama da dala miliyan 100. Japan ta yi nata gwajin a 2017 kusa da Okinawa, ta tsotso dutsen zuwa jirgi daga irin wannan zurfin, ta nuna ana iyawa. Iyawa daban, riba daban. Har yau babu inda ake haƙar salfaid a ƙasan teku ana sayarwa.

In kana son sanin inda farashin dalma zai dosa, ka sa ido kan batir. Mafi yawan dalmar duniya a batirin mota da irinsa take ƙarewa, kuma sama da rabin wadda ake amfani da ita daga tsohon batir ake narko ta. Sai buƙatar ƙasar Sin, sai kasuwar ƙarafa ta Landan, sai canjin dala. Masu bin unguwa suna sayen mataccen batir sun fi bututun can tasiri a kan aljihunka.

Maman Ihsan, Rikkos

Baba, Allah ya ƙara lafiya, mun sha karatu. Amma ka yi ta lissafin tan-tan ka tsallake masu gidan. Ni malamar bayoloji ce, kuma wannan ne darasin da yara suka fi yin tsit in ina yi.

Waɗanda suka nutsa a 1977 duwatsu suka je dubawa, ko masanin halittu ɗaya ba su tafi da shi ba, don ba wanda ya zaci akwai mai rai da yawa a inda rana ba ta taɓa kaiwa. Sai suka tarar da wurin cike. Akwai wata tsutsa mai zama cikin farin kwaroro, tsawonta yana kai mita 2, kanta ja jawur. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Ƙwayoyin bakteriya ne cike da cikinta, ita tana zuƙo musu iskar nan ta farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda mu guba ce a gare mu, su kuma suna haɗa abinci da ita su ciyar da uwar ɗakinsu. A makaranta mun saba cewa duk abinci daga hasken rana yake farawa, sai ga inda Allah ya nuna ba dole ba ne. A TAG ɗin da Baba ya ambata jatan lande ne dubbai suke rufe bututun. A tekun Indiya kuma akwai wani dodon koɗi da ƙafarsa take lulluɓe da ɓawon ƙarfe, salfaid ɗin nan dai. A 2019 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma dalilin da aka bayar shi ne barazanar haƙar ma'adinai, don wurare uku kacal aka san yana zaune a lokacin, biyu daga ciki an riga an ba da lasisin bincike a kansu.

Mu mutanen Filato bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Kamfanonin kuza sun tafi, sun bar mana kududdufai daga Rayfil har Barikin Ladi, kowace damina sai an ji yaro ko saniya ta faɗa. Wannan fa a tudu ne, inda ido ke gani, inda akwai mai gona da zai yi ƙara. To ina ga inda babu mai gani sai wanda ya yi ɓarnar?

Alhaji, ni roƙona ɗaya. In ka shiga harkar nan, don Allah kada buhu ɗaya ya shiga cikin gida, kuma kada a daka ko a niƙa a inda yara suke. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dutsen zinari ne mai dalma aka riƙa niƙawa a tsakar gida, yara sama da 400 suka rasu. Kuza ta saba muku da sakaci don ita ba ta da wannan dafin. Kayan da ka sa a wurin aiki ma kada a haɗa su da wankin yara.

Abban Sadik, Abuja

Baba ya gama magana, ni ɓangaren doka kawai zan taɓa, don aikina ya ɗan shafi harkar jiragen ruwa.

Ba kowa ne zai tashi ya je ya kwasa ba. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta ba kowace ƙasa ikon arzikin da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓarta. Abin da ya wuce iyakar ƙasashe kuwa an ce gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba su da teku irin Nijar da Chadi. Hukumar da ke kula da shi tana Kingston ta ƙasar Jamaika, an kafa ta a 1994, wani ɗan Ghana, Nii Allotey Odunton, ya taɓa shugabantarta. Lasisin bincike take bayarwa na shekara 15. A ɓangaren salfaid Sin ce ta fara karɓa a 2011, sai Rasha, Koriya ta Kudu, Faransa, Jamus, Indiya da Folan. Ka duba jerin da kyau, babu ƙasar Afirka. Lasisin haƙa kuwa ba ta ba kowa ba tukuna, dokokin ma ba a gama rubuta su ba. Ƙasar Nowe ta buɗe nata ruwan ga masu neman ma'adinai a Janairun 2024, kafin shekarar ta ƙare ta dakatar.

Ina zargin ma yaron ya haɗa labari biyu ne. Hayaniyar da ake yi yanzu yawanci ba a kan bututun nan ba ce, a kan wasu dunƙule-dunƙulen duwatsu ne da ke zube a shimfiɗar Fasifik tsakanin Hawai da Meziko, masu manganis da nikel da kobalt. Su ne ake cewa ba sai an haƙa ba. Babu ruwansu da dalma.

Na kusa da mu shi ne na Bahar Maliya. Tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, hanyar da kakanninmu suka bi a jirgin ruwa zuwa aikin hajji, akwai wani kwari mai zurfin mita 2,000 da aka gano a shekarun 1960. A can ruwan zafin bai gina bututu ba, kwanciya ya yi a kwarin saboda tsananin gishirinsa, ya tara laka mai zink da tagulla da azurfa wajen tan miliyan 90. Saudiyya da Sudan sun yi yarjejeniyar raba shi tun 1974. Sama da shekara hamsin ke nan, lakar tana nan inda take.

Mu kuma gaɓarmu babu irin wannan tsagar. Lakar da Neja ta yi ta zubarwa ce mai kaurin kilomitoci, ita ta ba mu mai da gas. Tsagar Atlantika tana can tsakiya, nesa ƙwarai da iyakarmu.

Mai Sikeli, Bukur

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, na ji, kuma dama shagon ba a gida yake ba. Baba, ranka ya daɗe, wata magana ka yi ta wuce: ka ce da gawarsa kuke gani a tudu. Wato akwai irin na tekun da ya dawo tudu? Ina tambaya ne don cikin samfurin da aka kawo mini akwai wani dutse ruwan ɗorawa mai ƙyalli, mai kawowar yana ta rantsuwa wai da zinari a ciki, yana neman ƙarin kuɗi.

Baba Mai Guduma, Unguwar Rogo

Akwai, kuma su ne ma ake ci tun tuni. Ƙasan teku ba ya zama wuri ɗaya. In nahiyoyi suka matso juna, wani yankinsa yakan hau kan tudu da duk abin da ke kansa. Tagullar tsibirin Kubrus da mutanen da suka yi ta haƙa shekaru dubbai, tsohon ƙasan teku ce. Haka ta duwatsun Oman. A Kanada akwai Kidd Creek, wanda ya samu shekara biliyan 2.7 da suka wuce, an fitar da dutse sama da tan miliyan 150 daga rami ɗaya, ka kwatanta da miliyan 4 na TAG. A nahiyarmu akwai Bisha a Eritiriya da Hajar kusa da Marrakesh a Maroko. Wannan ne ma babban amfanin da masu irin aikina suka samu daga nutson Alvin: da aka ga yadda abin yake tsiruwa, sai aka san inda za a nemi tagullar da inda za a nemi zink ɗin a tsohon da ke tudu. Inda mota za ta je ta ɗauko, wa zai sayi jirgi?

Malama Maman Ihsan, ƙorafinki na karɓa. Masu son haƙar suna cewa matattun bututu za su taɓa, waɗanda ruwan zafin ya ƙafe, tunda dama injin ba zai jure digiri 350 da tsami ba. Sai dai matattun ma da nasu mazauna, kuma ƙurar da injin zai tayar ba ta san iyakar lasisi ba. Akwai kuma halin salfaid da kowane mai haƙa ya sani: muddin yana binne lafiya lau, da ya sha iska da ruwa sai farar wutar ta koma ruwan batir, ta narko ƙarafan. A kudancin Sifen akwai kogin Rio Tinto da ke ratsa irin wannan dutse, ruwansa ja ne saboda haka. Alhaji, wannan ya shafe ka kai tsaye. Kada ka jibge kayan a fili damina ta yi ta dukansu kusa da rijiya. Ka yi daɓen siminti, ka yi rumfa.

Dutsenka mai ƙyalli kuwa, ko fairait ne ko kalkofairait, dukansu suna biyo dalma a jijiya. Ka goga shi a bayan fasasshen tayil, inda ba a shafe ba. In ya bar baƙin layi ko baƙi mai ɗan kore, ba zinari ba ne, zinari layinsa ruwan ɗorawa ne. Ka sa masa guduma: zinari lotsawa yake, waɗannan farfashewa suke su zama gari. In wuƙa ta karce shi kalkofairait ne, in ta kasa fairait ne. Yana yiwuwa a samu ɗan zinarin da ido ba ya gani a cikinsu, amma wannan ba rantsuwa ke tabbatar da shi ba, awo ne. Abin da ya fi kyau ka sa a duba maka shi ne azurfa, don galenar kwarin Binuwai takan zo da ita, kuma masu saye ba za su gaya maka ba.

Ka ɗebi samfurin da hannunka, daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ba wanda mai kaya ya zaɓo maka ba. Ka raba shi biyu, ka kai rabi cibiyar binciken ƙarafa da ke kan titin Zariya a nan Jos, rabin kuma wani wurin awon daban, ka ce a ba ka kason dalma da zink da azurfa a rubuce. In takardun biyu sun zo, ka sa hotonsu a nan in duba maka kafin ka karɓi kuɗin filin.